Wayata na zafi kuma caji ba ya zama tun da na sabunta manhaja

Ɗan kasuwa, Kusiri:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin harkar waya. A makon jiya wayata ta nuna mini saƙon cewa akwai sabuwar manhaja, na amince ta sauke, ta mutu ta sake tashi da kanta kamar yadda ta saba. Tun daga ranar ba ta koma daidai ba. A da ina cika caji da asuba in wuni ina amsa kiran abokan ciniki har bayan isha'i da sauran caji, amma yanzu kafin la'asar ta fara nuna ja. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafin, domin ko ban taɓa ta ba, tana cikin aljihun gaban riga, sai in ji ɗuminta a ƙirjina, musamman ta baya wajen kyamara. Wayar Android ce mai layi biyu, ɗaya na Kamaru ɗaya na Chadi, saboda kusan kullum sai na ƙetare gadar Ngueli zuwa Njamaina, kuma ta haura shekara biyu a hannuna. Wani ya ce in kai a yi mata filashin a mayar da tsohuwar manhaja, wani kuma ya ce batir ne ya mutu. Ba na son in kashe kuɗi a kan abin da ban tabbatar ba.

Alhaji mai shagon kayan masarufi, Njamaina:

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi, ƙanena. Ni dai ra'ayina a kan wannan sabuntawa bai taɓa sauyawa ba: masu ƙera wayoyin ne suke aiko ta da gangan domin su gajiyar da tsohuwar waya, mutum ya gaji ya je ya sayi sabuwa. Shi ya sa duk sanda saƙon ya fito a tawa nake danna masa ya jira, kuma haka nake umartar yarana. Wayar da take aikinta lafiya, me ya kawo a taɓa ta?

Mai gyaran waya, Garwa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ranka ya daɗe, zan dawo kan maganarka, amma bari in fara da mai tambaya, domin kada ya yi gaggawar kai wayar filashin, wanda shi ne mafi haɗari a cikin shawarwarin da aka ba shi.

Malam, ɗumin da waya ke yi a kwanaki biyu zuwa uku na farko bayan babbar sabuntawa ba cuta ba ce. Kowace manhaja da ke cikin wayar Android tana da wani shiri da wayar take yi mata tun da farko domin ta riƙa buɗewa da sauri ba tare da ta wahalar da ƙwaƙwalwar wayar ba. Idan aka sauya tsarin wayar, wannan shiri ya tashi aiki, dole a sake yin sa ga manhajoji ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin a gama, duk manhajar da ka buɗe tana cin ƙarfi fiye da yadda ta saba. A lokaci guda wayar tana sake bin hotuna da saƙonni da lambobi tana jera su, Play Store yana sauke sababbin zubin manhajojin da suka dace da sabon tsarin, sannan abin nan da Google ya shigo da shi a Android 9 a shekarar 2018, wanda ke lura da manhajojin da ka fi amfani da su ya takura wa sauran, a wasu wayoyin sai ya sake koyon halinka. Abin kamar wanda ya tare a sabon gida ne, sai an kwance kaya an jera kafin hayaniya ta lafa.

Ga inda matsalar take a wajenmu. Wayar ba ta yin babban ɓangaren wannan aiki sai tana kunne, tana jone da caja, kuma ba a taɓa ta. Waɗanda suka tsara haka suna zaune ne a inda mutum yake jona wayarsa da dare ya kwanta, wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa a nan arewa, da ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya a bazara, kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa, kuma da ta zo mutum yana jona wayar yana danna ta. Saboda haka aikin da ya kamata ya ƙare a dare biyu sai ya ja mako ko fiye. Shawarata ta farko ita ce ka cire mata riga, ka jona ta a kunne cikin dare lokacin da gari ya yi sanyi, ko da da fawa bank ne, ka ajiye ta a kan siminti ko tayil, ba a kan katifa ba, ka bar ta har asuba. Ka maimaita haka dare biyu ko uku kafin ka yanke mata hukunci.

Ka kuma lura da wurin da zafin yake. Ka ce ta baya wajen kyamara, to a mafi yawan wayoyi nan injin yake, wato ƙwaƙwalwa da sashen da ke kama sabis. Batir yana daga tsakiya zuwa ƙasa. Wannan kaɗai ya sa nake zaton wani abu ne ke aiki ba hutawa, ba batirin ne ke ƙuna da kansa ba.

Mai shagon caji, Marwa:

Yaya mai gyara, Allah ya ƙara basira. Wannan bayani ya shafe mu kai tsaye, domin mu a shago kusan kowace waya a kashe muke karɓarta, mu manna mata lamba mu jona, saboda ta fi saurin cika kuma ba ma son kira yana shigowa a wayar mutane. Ashe ke nan wanda ba shi da wurin caji sai wajenmu, wayarsa ba ta samun damar gama wancan aiki. Daga yanzu wanda ya ce mini ya sabunta manhaja zan bar tasa a kunne, in ware mata wuri daban, don idan aka jibge wayoyi masu yawa a kan katako ɗaya ƙarƙashin kwano da tsakar rana, kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta zafi.

Ɗalibi a Jami'ar Ngaundare:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ina so in yi wa Baba Alhaji adalci, domin zarginsa yana da tushe ko da ban yarda da inda ya kai shi ba. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya yi rauni. Hujjarsa ita ce tsohon batir ba ya iya ba da ƙarfin da ake nema a lokaci ɗaya, sai wayar ta mutu ba zato, don haka aka rage mata gudu. Laifin shi ne bai sanar da masu wayoyin ba, kuma a watan Fabrairu na 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25. Bayan ɓullar wannan dambarwa ne Apple ya rage kuɗin sauya batir daga dalar Amurka 79 zuwa 29 a shekarar 2018, ya kuma ƙara wurin duba lafiyar batir a cikin saiti.

Akwai kuma lokacin da sabuwar manhaja take zuwa da kuskure na gaskiya. Da iPhone 15 Pro ta fito a watan Satumba na 2023, mutane da yawa sun koka da zafi, kamfanin ya ce akwai kuskure a iOS 17, wato tsarin da iPhone ke aiki da shi, da kuma wasu manhajoji, ciki har da Instagram da Uber, da ke ɗora wa wayar nauyi. Abin lura shi ne maganin ya zo ne ta wata sabuntawar, iOS 17.0.3, a farkon watan Oktoba. Wanda ya yi fushi ya rufe ƙofar sabuntawa a lokacin, shi ne ya zauna da zafin. Shi ya sa nake ba mai tambaya shawarar ya duba ko akwai wata ƙaramar sabuntawa da ta biyo baya, ya kuma shiga Play Store ya sabunta manhajojinsa duka, musamman Facebook da WhatsApp da TikTok, tunda tsohon zubin manhaja a kan sabon tsari yana daga cikin abubuwan da suka fi shan caji.

Alhaji mai shagon kayan masarufi, Njamaina:

To ai ka ga, ɗana, da bakinka ka tabbatar da maganata. Tunda har an taɓa kama su an ci su tara, me zai hana mutum ya yi taka-tsantsan?

Ɗalibi a Jami'ar Ngaundare:

Taka-tsantsan daidai ne, Baba, amma ƙin sabuntawa gaba ɗaya yana da nasa haɗarin, domin yawancin abin da ake aikowa toshe ɓaraka ce da ɓarayin intanet ke bi su shiga waya, kuma a yau wayar ɗan kasuwa a nan take da manhajar banki da bayanan hada-hadar kuɗinsa. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne mutum ya jinkirta babbar sabuntawa na mako ɗaya ko biyu, ya ji abin da masu irin wayarsa suke faɗi, sannan ya sauke ta da dare, da caji fiye da rabi, a inda sabis yake da ƙarfi. Ƙananan na tsaro kuwa bai kamata a riƙa ɗage su ba.

Malamar makaranta, Marwa:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanan nan da kyau, kuma ina da tambaya ga Malam mai gyara. Ni ma tawa tana zafi, amma na kasa rarrabewa tsakanin laifin manhaja da laifin gari, domin a watan Afrilu a Marwa ko cokali ka ajiye a taga sai ya ƙona hannu. Wata maƙwabciyata idan tata ta yi zafi tana saka ta a firiji na ɗan lokaci, wata kuma tana ɗora ta a kan murfin randa. Shin wannan yana da amfani, ko kuwa ɓarna ce? Sannan akwai manhajojin nan da ake talla masu hoton ƙanƙara, waɗanda ake cewa suna sanyaya waya.

Mai gyaran waya, Garwa:

Malama, tambayarki ta taɓo abin da ya fi damuna a wannan sana'a. Apple ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma zafin da ya wuce 35 yana iya rage ƙarfin batir ragi na dindindin. Sauran wayoyi ma batirinsu irin wannan ne na lithiyam, hukuncin kusan ɗaya ne. Garwa da Marwa da Kusiri da Njamaina kuwa, daga Maris zuwa Mayu, rana tana haura digiri 40 a inuwa. Ke nan kafin wayar ta yi aikin komai, gari ya riga ya kai ta inda ba a so ta kai. Wanda yake Ngaundare a kan tudu, inda ake samun sanyi, zai iya yin wannan sabuntawa bai ji komai ba, ɗan'uwansa a Kusiri mai irin wayar ya ji tana ƙuna. Kuma irin wannan batir ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, shi ya sa za ki ga waya ta rage saurin caji da kanta ko ta tsaya, mutane su ɗauka caja ce ta lalace.

Firiji kuwa ina roƙon ki hana ta. Idan waya mai zafi ta shiga sanyi kwatsam sannan aka fito da ita, raɓa tana taruwa a cikinta kamar yadda take taruwa a jikin gorar ruwan sanyi, kuma wannan danshi ne ke cin injin a hankali. Na sha buɗe wayar da mai ita ya rantse ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, in tarar da koren tsatsa a bakin soket ɗin batir. Murfin randa ya fi sauƙi in dai a bushe yake. Mafi kyau a cire rigar, a kashe data, a rage hasken fuska, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Hasken fuska ma ba ƙaramin abu ba ne, don a cikin rana wayar tana ƙure shi da kanta, shi ya sa masu moto da ke ɗaura waya a kan kai suke yawan kawo mini gyara. Manhajojin sanyaya waya kuma a goge su. Waya ta yau da kullum ba ta da fanka, babu abin da manhaja za ta kunna ya sanyaya ta, abin da suke yi kawai shi ne su rufe wasu manhajoji, su kuma su sake tashi da ƙarin cin caji, ga tallace-tallacen da ke zuƙe data.

Yanzu in koma kan ɗan'uwanmu na Kusiri, domin akwai abin da ya faɗa wanda bai kamata ya wuce mu ba: layi biyu na ƙasashe biyu a bakin iyaka. Idan sabis ya yi rauni, wayar tana ƙara ƙarfin da take aika sigina domin ta isa eriya, kuma idan layi ɗaya ya rasa sabis ɗinsa sai ta yi ta nema ba ji ba gani. Kusiri da Njamaina kogi ne kawai ya raba su, eriyoyin ɓangarorin biyu suna isa ga juna da rauni, wayar sai ta wuni tana kamawa tana saki. Sau da yawa sabuntawa tana taɓa sashen da ke kula da sabis, ko ta mayar da zaɓin da mutum ya yi a baya zuwa na asali. Malam, ka shiga saiti, wato Paramètres idan wayarka cikin Faransanci take, ka buɗe sashen batir ka ga jerin abubuwan da suka fi cin caji. Idan ka ga neman sabis ne a sama, ka kashe layin da ba ka amfani da shi a ɓangaren da kake, kuma inda 4G yake sanda ɗaya ka mayar da wayar 3G. Idan manhaja ce a sama, ka takura mata aiki a bayan fage. Ka duba WhatsApp da Google Photos musamman, domin idan suna ƙoƙarin ɗora bidiyo a kan sabis mai rauni, sai aikin ya yanke su sake farawa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko dala. Da dare ka rubuta adadin cajin da ke ciki, ka saka ta yanayin jirgin sama, ka cire caja, ka duba da asuba. Idan abin da ya ragu kaɗan ne kuma wayar a sanyaye take, to batirin ba ya zubar da caji da kansa, matsalar tana wajen sabis ko manhajar da ke hawa intanet. Idan ya zube sosai, sai ka sake gwadawa a yanayin kariya, wanda wasu wayoyin ke rubutawa Mode sans échec, wasu Mode sécurisé, inda manhajojin da ka sauke da kanka ba sa tashi. A yawancin wayoyi ana samun sa ta hanyar danne alamar kashe waya da ke fitowa a fuska na ɗan lokaci. Idan a can ma cajin ya zube, to lokacin zuwa wajen mai gyara ya yi, kuma ka nemi wanda yake da mitar auna wutar da inji ke ja, ba mai canka ba.

Ɗan kasuwa, Kusiri:

Allah ya saka da alheri, Malam. Na duba jerin, neman sabis ne a sama, WhatsApp yana biye da shi. Na kashe layin Chadi tun da na dawo gida shekaranjiya, na kuma hana ajiyar bidiyo, sannan na bar ta a caji a kunne cikin dare. Ɗumin nan na wajen kyamara ya tafi, kuma a gwajin yanayin jirgin sama cajin da ya ragu ɗan kaɗan ne. Sai dai har yanzu ba ta kai ni isha'i kamar da, kuma na lura idan ta sauko ƙasa da kashi 30 sai ta riƙa tsallake lambobi. Ko in yi mata fomat ne, wato in goge komai da ke cikinta?

Mai gyaran waya, Garwa:

Madalla, Malam. Tsallaken lambobi alama ce ta batir ya tsufa, kuma fomat ba ya mayar da tsohon batir sabo. Ana ƙirga rayuwar batir da zagaye, wato duk sanda ka cinye abin da ya kai kashi 100, ko a zama ɗaya ko a hankali. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000, kuma wannan a yanayi mai kyau ke nan. Wanda ke cinye caji kullum, zagaye 500 bai kai shekara ɗaya da rabi ba, ga kuma bazara biyu da taka ta sha a Kusiri. Raunin yana nan tun kafin sabuntawar, ƙarin aikin da ta kawo ne ya fito da shi fili. Masu iPhone suna ganin lafiyar batir a saiti, masu Samsung kuma a manhajar Samsung Members. Idan taka ba ta da irin wannan, mai gyara zai auna maka. Ka nemi batir a wurin wakilan kamfanin wayarka ko wajen wanda zai ba ka garanti, domin akwai waɗanda aka rubuta wa 5000 mAh a jiki, wato yawan cajin da suke ɗauka, amma abin da ke ciki bai kai ba. Idan an sauya, ka duba ko wayarka tana da zaɓin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, ka kunna shi.

Fomat a bar shi ya zama na ƙarshe, kuma kafin a yi shi mutum ya kwashe hotuna da lambobi, ya tabbatar ya san kalmar sirrin asusunsa na Google, domin tun daga Android 5.1 wayar tana iya kullewa bayan fomat har sai an saka asusun da ke kanta a da. Filashin don mayar da tsohuwar manhaja kuwa ba na ba kowa shawararsa, saboda wayoyi da yawa suna da kariyar da ke hana komawa baya, kuma idan aka matsa sai wayar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ga bayanai sun tafi.

Hajiya mai sayar da atamfa, Garwa:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana mai gyara, tawa ban san ko ta sabunta ko ba ta sabunta ba, jikana ne ke kula da wannan. Abin da na gani shi ne bayanta ya ɗago, har murfin ya fara rabuwa da jikin ta gefe ɗaya, kuma idan na ajiye ta a kan tebur ba ta kwanciya daidai. Yaran sun ce in ɗaure ta da roba in ci gaba da amfani tunda tana kira.

Mai gyaran waya, Garwa:

Hajiya, don Allah kada ki ɗaure ta, kuma kada a sake jona ta a caji ko sau ɗaya. Batirin ne ya kumbura, iskar gas ce ta taru a cikinsa saboda sinadaran sun lalace, kuma wannan ba ruwansa da manhaja. Matse shi ko huda shi yana iya tayar da wuta mai wuyar kashewa, irin wadda ta sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016, inda matsalar ta kasance a ƙirar batirin. Ki kashe ta yanzu, ki cire layin, ki saka ta a kwanon ƙarfe da yashi a ciki, a ajiye a inuwa nesa da atamfofin, nesa da zana da jarkar fetur, inda yara ba za su kai hannu ba. Gobe da safe kafin rana ta ɗaga a kai ta wajen mai gyara a cikin kwanon, ba a aljihu ko jaka ba, kuma a bar masa tsohon batirin, kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.